Cizal ɗin Sara Rami: Abin da Ƙofar Maɗaci Ta Koya Mini

Na daɗe ina aikin kafinta a Sakkwato kafin in yarda cewa cizal ɗin gyaran fuskar katako daban yake da na sara ramin da harshen wani katako zai shiga. Wata ƙofar maɗaci ce ta koya mini, domin na ɗauki siririn cizal na danna shi cikin ramin, ina ɓanɓaro ɓawo da shi, sai bakinsa ya karye a ciki, har yau kuma ina jin takaicin katakon da na ɓata.

Cizal ɗin sara rami ƙarfensa ya fi kauri daga gaba zuwa baya bisa faɗinsa, kuma wannan kaurin ne ke hana shi lanƙwashewa, ya kuma riƙe shi a miƙe tsakanin bangayen ramin. Idan na je saye, nakan fara duba ƙota: ina son mai zoben ƙarfe a ƙarshe, wadda za ta jure dukan gudumar katako. Faɗin ramin yakan kasance kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon, saboda haka mai milimita 8 ya dace da katako mai inci ɗaya, mai milimita 12 kuma da na inci ɗaya da rabi. A ganina waɗannan biyun sun fi cikakken akwati na sirara amfani. Bakin nakan wasa shi a kan digiri 30 ko sama kaɗan, domin 25 ba ya jure maɗaci, balle ƙirya.

Wajen aiki, da faɗin cizal ɗin nake zana layukan ramin. Ina farawa daga tsakiya, in bar 'yar tazara a kowane ƙarshe don kada ɓanɓara ta murƙushe gefen, sai a ƙarshe in sare ta a tsaye. Idan ramin zai huda katakon, rabi nake sarawa ta kowace fuska.

Mu a nan hunturu ne babban alƙali, domin ɗanyen katakon da aka kawo daga kudu yakan tsuke, harshen ya yi sako-sako a raminsa. Shi ya sa nake jingine shi a inuwa ya bushe sosai kafin in ɗora masa cizal.