Abin da Katangun Wata Mashaya a Landan Suka Koya Mini

Duk wanda ya karanta fannin adana tsofaffin gine-gine a Ingila, ko ba daɗe ko ba jima sai an tura shi mashaya da tef ɗin awo a hannu. Ni ba na shan giya, aikin ma bai nemi in sha ba. Abin da aka ɗora mini shi ne in zana yadda ɗakunan suke, in kuma faɗi dalilin kowace katanga.

Mashayar Prince Alfred tana titin Formosa a unguwar Maida Vale, nesa da hayaniyar manyan tituna. An gina ta a 1856, aka sake tsara cikinta wajen 1898. Kanta ɗaya ce a tsakiya, amma an raba gabanta gida biyar da allunan katako masu sassaƙa, kowane sashe da ƙofarsa ta waje. A jikin allunan akwai 'yan ƙofofi gajeru da sai ka duƙa kafin ka wuce. Ba don masu sha aka yi su ba, na yaran da ke kwashe kofuna ne. A wancan zamani, shi mai sha, inda ya shiga nan zai tsaya.

A nan na gane cewa kafintan bai zauna ya yi ado don ado ba. Ingila ta zamanin Sarauniya Biktoriya ƙasa ce ta matsayi, kuma ginin ya bi wannan sau da ƙafa. A irin waɗannan mashayu, lebura yana da nasa ɓangaren, benci zalla, ƙasa an barbaɗa dusar katako saboda tofi da abin da ya zube. Akawu da ɗan kasuwa suna da nasu, kujeru masu laushi, giyar ɗaya ce amma kuɗinta ya ɗan ɗara. Har wasu ƙananan gilasai masu juyawa ake kafawa a kan kanta daidai tsayin fuska, don mai mutunci ya yi oda ba tare da an gane shi ba. Gilashin tagogin waje ma an dusashe shi da zane, kada mai wucewa ya leƙa. Bahaushe ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba, tunda ya san zaure ne ke yanke iyakar inda baƙo zai tsaya.

Yawan mashayun lungu kuwa doka ce ta haifar da shi. A 1830 majalisa ta ba duk mai biyan harajin gida damar sayar da giya a falonsa da lasisin gini biyu, wato fam biyu da sule biyu, wai don a janye talaka daga barasa mai ƙarfi. Kafin shekara ta zagayo an buɗe fiye da 20,000.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ɓarnar shekarun 1960 da 1970, lokacin da kamfanonin giya suka yi ta rushe allunan don a samu ɗaki guda mai faɗi, mai sauƙin sa ido. Ban ce rarrabe mutane abin kirki ba ne, amma wanda ya cire katangar ya goge shaidar cewa an taɓa yin hakan. Shi ya sa ƙungiyar CAMRA ta masu fafutukar kare giyar gargajiya ta Birtaniya, da aka kafa a 1971, take riƙe da jerin mashayun da cikinsu bai sauya ba.

Yanzu idan na shiga wadda aka riga aka buɗe cikinta, sama da ƙasa nake fara dubawa. Tabon da ke jikin silin, wurin da tayil ya sauya launi, da ƙofofin waje uku ko huɗu da duk suke kaiwa ɗaki ɗaya, su ke nuna mini inda allunan suka tsaya, daga nan sai in mayar da su a kan takarda.