Allurar baya ta ɗauke min zafin naƙuda, amma ciwon kan da ya biyo baya ba wanda ya gaya min

Tunda na haihu mata ke ta tambayata, nan Agege da masu kira daga gida, wai da gaske ne in aka yi miki efidural, wato allurar baya mai kashe zafin naƙuda, ba kya jin komai? Gaskiya ne tana aiki, wannan kam bazan ɓoye ba. Naƙudata ta yi tsawo sosai, ƙarfina ya ƙare, ni da bakina na ce a kira likitan, aka sa ni na zauna bakin gado na duƙa na rungumi filo, ya sa allurar a ƙasan bayana ya bar wata siririyar roba da maganin ke bi, cikin kamar minti 20 na ji ciwon ya lafa har barci ya ɗauke ni. Alhamdulillah na haihu da kaina.

Su ƙananan matsalolin duk na gansu kuma basu dame ni ba. Awon jinina ya yi ƙasa suka ƙara gudun ruwan da ake sa min, jikina ya yi ta rawa kamar mai zazzaɓi, fuska da ƙirji na ƙaiƙayi, ƙafafu sun yi nauyi, fitsari ma sai da aka sa roba don ba na jin ya taru. Wajen yunƙuri nas ce ke cewa yanzu, yanzu, saboda ni ba na ji sosai. Duk wannan ya wuce kafin a sallame mu.

Abin da ya same ni bayan mun koma gida shi ne har yau yake ci min rai.

Lokacin da ake sa allurar na ji likitan ya ɗan dakata, ya yi magana da nas ƙasa-ƙasa, ya zare ya sake sawa a wani wurin. Ashe allurar ta zarce ta huda fatar da ke riƙe ruwan laka, ruwan da ƙwaƙwalwa ke zaune a ciki. Yana faruwa ga kamar mace 1 cikin 100, ko a hannun ƙwararre, ni ban riƙe shi da wannan ba wallahi, ƙaddara ce. Abin da na riƙe su da shi, sun san ta faru, amma aka sallame ni ba wanda ya zaunar da ni ko maigida ya ce in kin ji kaza ki dawo. Takardar yarda ma ana tsakiyar murɗa aka miƙo min, da turanci, ina hawaye na sa hannu, mace a wannan halin ko me ka karanto mata ba ji take ba.

Washegarin komawarmu na tashi zan shiga banɗaki sai na ji kamar an ja min ƙwaƙwalwa ta ƙeya, goshi da ƙeya da wuya duk suka riƙe, kunne na ƙara, hasken taga ma bana son gani. Ina komawa na kwanta flat ba filo, cikin 'yan mintuna sai ya tafi kamar ba a yi ba. In tashi zaune ya dawo. In kwanta ya tafi. Wannan ita ce alamarsa, don Allah ku riƙe ta, ciwon kan da ke tashi in kin tashi ya kwanta in kin kwanta. Ruwan nan ne ke tsiyaya ta inda aka huda, in kin miƙe sai ƙwaƙwalwar ta ɗan sauko tana jan jijiyoyi.

To kin san mai jego a gidan Bahaushe ba a barinta a kwance. Umma ta zo takanas daga Katsina don ta min wanka, safe da yamma sai na tashi ga ruwan zafi da ganye, ga kunun kanwa, ga 'yan barka cike da ɗaki kowa so yake ya ganki a zaune kina amsa gaisuwa. Nono ma a kwance nake ba yarinyar, ina ba ta ina kuka. Umma ta ce “'yar nan daure ki tashi, jini ne bai gama sauka ba, ruwan zafi zai kore shi.” Yayar maigida ta ce baki ne, aka kawo rubutu da hayaƙi. Wata maƙwabciya kuma a gabana ta ce ai dama duk wadda ta gudu wa naƙuda sai ta biya, mu da muka haifi takwas a ɗaki ko tari ba a ji ba. Wannan maganar ta fi ciwon kan zafi a raina, kuma ita ta sa na ƙara yin shiru ina shan farasitamol da ba ya min komai. Bana ganin laifin Umma ko kaɗan, abin da ta sani ta yi, da an gaya mana tun a asibiti da ita za ta fara cewa a mayar da ni.

Ranar suna a kwance na yi ta, lalle da ɗinkin da na yi ta tanadi ko sawa ban iya ba. Daren ne maigida ya ce shi kam ya gaji da gani, da asuba kafin gosulon motoci ya haɗu ya shimfiɗa ni a kujerar baya muka koma asibitin. Suka fara auna jinina da fitsari, don ciwon kai bayan haihuwa yana iya zama hawan jini mai kawo jijjiga, wannan kuma kisa yake, shi ya sa ma bai kamata a zauna ana canki-canki a gida ba. Nawa lafiya lau. Wata likita ta buɗe fayil ɗina, ga shi nan a rubuce an huda. A rubuce, tun ranar.

Ta ce wasu yana warkewa da kansa cikin sati ɗaya ko biyu da hutu da shan ruwa da kofi, amma nawa ya yi tsanani, za su yi min faci da jinina. Suka ɗebi jini a hannuna kamar mililita 20 suka zuba a bayan daidai wurin, ya daskare ya toshe ƙofar. Na ji bayan ya yi nauyi, aka ce in kwanta awa biyu. Da na tashi zaune na tsaya ina jira ya dawo, bai dawo ba. Wasu sai an sake musu karo na biyu, ni sau ɗaya ya isa. Kuma sai da muka sake biyan kuɗi.

Masu cewa allurar na shanye ƙafa ko tana sa ciwon baya na har abada ko dole a ƙare da tiyata, ni ban ga haka ba, likitar ma ta ce binciken da aka yi bai nuna tana jawo tiyata ko daɗaɗɗen ciwon baya ba, lahani ga jijiya kuma da wuya ƙwarai. Amma in kin koma gida ƙafa ta ƙi ɗaukarki, ko zazzaɓi da ciwo mai tsanani a wurin allurar, ko fitsari na zuba ba ki sani ba, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne.

In Allah ya sake bani ciki zan iya sake yi, sai dai tun wajen awo zan ce a haɗa ni da likitan da ke sa ta, mu yi magana ina cikin hayyacina, da maigida a zaune, ya duba jinina ya ji magungunan da nake sha. Kuma kafin in bar gadon asibitin sai na tambaya da bakina ko an samu matsala wajen sawa, in karɓi lambar wanda zan kira ko da tsakar dare ne.