Keken ɗinkin da ya buɗe mini ƙofar tsofaffin kaya

Akwai mutanen da da zarar sun ga tsohon kaya, tunaninsu shi ne yadda za a rabu da shi. Ni kuwa tun ina ƙarama idona kan tsaya a kan abin da aka gaji da shi: kujera mai karyayyar ƙafa, madubin da bayansa ya fara ɓarewa, akwatin ƙarfen da tsatsa ta ci. Kallo kawai nake yi, ban fara sa hannu ba sai da wani keken ɗinki na Singer ya shigo hannuna, irin baƙin nan mai zanen ruwan zinariya da ake takawa da ƙafa. Ya daɗe a ajiye, ƙura ta daskare a jikinsa, tayar hannunsa ko motsi ba ta yi.

Abin da ya fara jan hankalina wata lamba ce da aka buga a jikin ƙarfen gindinsa, ta ɓangaren dama. Ashe kamfanin ya adana jerin waɗannan lambobi, kuma yau ana samunsa a intanet, mutum ya duba ya san shekarar da aka ƙera kekensa da inda aka ƙera shi. Nawa daga masana'antar Clydebank ta Sikotland ya fito, wadda aka rufe a 1980. Kekunan can ne ake ƙara wa harafin K a sunan samfurinsu, kamar 15K da 99K. Shi kuwa Isaac Singer tun a 1851 ya samu takardar mallakar fasahar kekensa a Amurka. Da na san wannan sai na ji nauyin abin ya ƙaru a raina. Hannaye nawa suka taɓa shi, riguna nawa suka bi ta ƙarƙashin allurarsa kafin ya iso gare ni?

Kafin in taɓa shi na kai tambaya wurin wani dattijo mai gyaran keke. Na ce, "Baba, da wane sabulu zan wanke shi?" Ya ce, "'Yata, kada ki kai masa ruwa ko sabulu, balle sifirit. Man keke da auduga kawai, sai kuma haƙuri." Ya bayyana mini cewa zanen zinariyar nan yana kwance ne ƙarƙashin wani siririn man sheƙi da ake kira shelak, wanda ake samu daga wani ƙwaro a Indiya da Tailan. Sifirit yana narkar da shelak, kuma da zarar ya narke, zanen zai koɗe ya koma fari, ba kuma zai dawo ba.

Haka na zauna ina ɗiga mai a kan auduga ina shafawa a hankali, ɗan wuri kaɗan kaɗan. Audugar ta yi baƙi in jefar in ɗauki wata. Can sai ganyen zanen suka fara leƙowa daga ƙarƙashin dattin, ɗaya bayan ɗaya. A inda hannun mai ɗinki yake yawan sauka, zanen ya goge gaba ɗaya, sai baƙin ƙarfe mai santsi. Wurin nan na fi so a duk jikin keken, kuma ban taɓa tunanin cike shi da fenti ba. Na buɗe gidan kwarkwaro na zaro tarin gashin zare da ya dunƙule da tsohon mai, na ɗiga sabon mai a kowane rami, na bar shi ya kwana. Da na sa sabon bel na taka, ɗinkin ya fito a miƙe, sama da ƙasa daidai. Na daɗe ina takawa a kan ƙyalle ba don ina ɗinka komai ba, don daɗin ƙarar kawai.

Daga nan abin ya kama ni. Na biyu shi ne wani ƙaramin tebur mai durowa biyu, kuma shi ya koya mini duban katako. Yanzu duk tsohon tebur ko kabad da na gani, durowa nake fara zarowa in duba kusurwarta. Idan haƙoran da suka haɗa allunan ba su yi daidai da juna ba, wani ya ɗan fi wani faɗi, to da alama hannun kafinta ne ya yanka su. Na inji kansu ɗaya ne tsaf. Sai in kifa shi in duba ƙarƙashi. Ƙananan ramuka ba su cika damuna ba, amma idan na ga sabon garin katako yana zubowa daga cikinsu, ƙwaron da ke cin katakon yana nan da ransa, kuma ba zan shigar da shi ɗaki ba sai an kashe shi, don kada ya koma kan sauran kaya.

Maganar fenti kuwa ba ta wasa ba ce. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, sai a 1978 Amurka ta hana sa ta a fentin gidaje, ƙasashe da yawa ma sun jima bayan haka. Idan aka goge irin wannan fenti da busasshiyar samfefa, ƙurar tana shiga jiki, kuma ta fi yi wa ƙananan yara illa a ƙwaƙwalwa. Don haka a waje nake aikin, da takunkumi a hanci, ina jiƙa wurin kafin in kankare, yara kuma ba sa zuwa kusa. Da fentin teburin ya tashi sai ga katako ja mai jijiyoyi a kwance. Na shafa masa man linsid siriri, na goge rarar, na bari ya bushe kafin in ƙara. Shi ma wannan man yana da nasa sharaɗin: tsumman da ya sha shi, idan aka dunƙule aka ajiye, yana iya yin zafi har ya kama wuta da kansa. Shanya shi nake yi a buɗe, ko in tsoma shi cikin ruwa.

Hannayen durowar na gwada su da maganaɗisu. Tagulla zalla ba ta kama shi, idan ya manne to ƙarfe ne aka yi wa rufin tagulla, kuma gurza mai ƙarfi za ta ci rufin. Nawa ba su kama ba. Duk da haka tudun kawai na goge, na bar duhun da ya kwanta a cikin lungunan zanen, saboda shi ke fito da zanen. A ganina masu goge tsohon abu har ya koma kamar yau aka saye shi suna zubar da abin da suka wahala suka nemo. Ni dai iyakata in ga abu ya koma aiki, ya tsaya da ƙafarsa, ya yi tsabta.

Shirya su a ɗaki wani karatun ne daban. Tsohon kaya yana son sarari. Idan aka cunkusa su wuri guda, ɗakin sai ya koma kamar sito. Keken na ba shi bango guda shi kaɗai, kusa da taga don hasken ɗinki, amma inda rana ba ta dukansa kai tsaye, tunda tana koɗar da katako da yadi. Hotuna da madubi kuwa na bi ƙa'idar gidajen nunin zane, tsakiyar hoton ya kasance kimanin santimita 145 daga ƙasa, daidai idon mutum a tsaye. Wannan kaɗai ya sauya kamannin ɗakin fiye da duk wani sabon abu da na taɓa saye.

Yanzu da keken nake ɗinka rigunan matashin kujera da labule, daga guntayen yadin da na daɗe ina tarawa. Ba kowane ɗinki ke fita yadda na zana shi a raina ba, amma awannin da nake yi a gabansa su ne hankalina ya fi kwanciya a duk mako, waya tana can gefe na manta da ita. Akwai wata kujera mai saƙar igiya da ke jirana, mazauninta ya tsinke a tsakiya. Na riga na warware gefe ɗaya a hankali don in ga yadda mai saƙar farko ya bi da igiyar, kuma na zana shi a takarda kafin in kwance sauran.