Na je Rodez ganin aikin mai baƙin fenti

Daga Toulouse na hau jirgin ƙasa zuwa Rodez, wani ƙaramin gari a kan tudu a kudancin Faransa. Tafiyar ta ɗan haura awa biyu, hanya duk tsaunuka da shanu. Abin da ya kai ni shi ne gidan adana zane-zanen Pierre Soulages, ɗan garin, wanda aka haifa a 1919, ya rasu a 2022. An buɗe gidan a 2014, jikinsa ƙarfe ne da aka bari ya yi tsatsa da gangan.

Inda ƙafata ta kafe shi ne wajen ayyukansa na 1947 da 1948. A lokacin, yaƙin duniya na biyu bai daɗe da ƙarewa ba, wasu masu zane a Paris suka daina zana mutum ko gari, suka kuma ƙi zanen da ake aunawa da abin awo. So suke duk wanda ya kalli aikin ya ga yadda hannu ya motsa. Hans Hartung, Bajamushen da ya rasa ƙafa yana yaƙi a ɓangaren Faransa, yana cikinsu. Georges Mathieu kuwa matso fenti yake yi kai tsaye daga mazubinsa, cikin sauri, wani lokaci ma a gaban taron jama'a.

Shi Soulages rinin da kafintoci ke shafa wa katako ya ɗauko, abu mai araha, da faffaɗan burushi irin na masu fentin gida, ya ja a kan takarda. Launin kamar tawadar allo idan ta bushe. Na matsa kusa sosai. Ana ganin inda ya fara jan layi rinin ya taru ya yi kauri, da inda ya kusa ƙarewa gashin burushin ya rarrabu, farin takarda ya leƙo. Inda layi biyu suka haɗu, wurin ya yi baƙi ƙirin. Babu gaggawa a hannun nan ko kaɗan, shi ya sa ya fi kwanta mini a rai a kan na Mathieu. Suna ma Soulages bai sa wa takardun ba, sai girman aikin da shekarar da ya yi shi.

Manyan allunan da ya fara a 1979 baƙi ne zalla, amma da ka gusa taku ɗaya sai haske ya sauya a kan tsage-tsagen fentin. Nan ne jama'a suka fi cika.

Kafin in bar yankin na leƙa ƙauyen Conques, inda ya tsara tagogi 104 na tsohuwar majami'ar garin, aikin da aka kammala a 1994. Gilashin fari ne mai hazo-hazo, an ƙera shi musamman don kada ya ɓata launin duwatsun ginin. Sun yi kyau ƙwarai, amma da za a ce in zaɓa, takardun nan na rinin kafinta zan ɗauka.