Karatun labari ba zaman banza ba ne

Akwai abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya nan Katsina, da an ga yarinya riƙe da littafin labari sai ka ji an ce aje wannan shirmen ki ɗauko na makaranta, wani gidan ma har ƙwace shi ake a ɓoye. Wallahi abin na damuna, don masu binciken ƙwaƙwalwa sun daɗe da gano cewa mai karanta labari aiki yake ba wasa ba.

Shi kanshi karatu ai ba da shi ake haihuwar mutum ba, rubutu duka-duka shekara 5,000 ne da 'yan kai a duniya. Wani masani ɗan Faransa, Stanislas Dehaene, ya nuna akwai wani ɗan wuri a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa can ta baya, asalinshi gane siffofin abubuwa, to idan yaro ya fara koyon karatu sai wurin ya koma gane haruffa. Kuma wurin ɗaya ne ko da wane irin rubutu aka koya, ke nan almajiri mai allo da ɗan boko mai fensir gini guda suke yi a kawunansu.

Amma inda abin ya fi burge ni shi ne labari. A 2006 an yi bincike a Sifen, aka saka mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna karanta kalmomi irin su kirfa da tafarnuwa, sai ga sashen da ke jin ƙamshi ya motsa alhali ba abin da aka kai masu hanci. Kafin nan a 2004 a Kambirij ta Ingila an ga kalmar shuri tana taɓa sashen da ke motsa ƙafa, ta lasa kuma na harshe. Kai jama'a! Ashe idan marubuciya ta ce an jefa daddawa a miya, mai karatu kamar wani abu ya shaƙa. A jami'ar Emory ta Amurka kuma, 2013, ɗalibai 21 suka yi kwana 9 suna karanta littafin labari da dare ana duba su da safe, aka tarar canjin da aka samu a sashen ƙwaƙwalwa mai fahimtar magana yana nan har wayewar gari. Mutanen ba su da yawa, gaskiya ne, amma dai ya nuna labari na kwana da mutum.

Kuma fa ba sai a takarda ba. Uri Hasson na jami'ar Princeton a 2010 ya gano ƙwaƙwalwar mai sauraro tana bin sawun ta mai ba da labari, wani lokacin ma ta riga ta, tana hasashen abin da za a faɗa, kuma waɗanda suka fi yin hakan su suka fi fahimtar labarin. Ni da na karanta wannan kakanninmu na tuna, ga ta nan ga ta nanku, yara su ce ta zo mu ji ta, kowa ya san Gizo zai yi ha'inci amma ba mai tashi. Horo ne suke ba mu na shiga ran wani, mun yar da shi mun kama waya.

Kiɗa ma haka. Duk wanda ya taɓa tsayuwa Ƙofar Soro ranar hawan sallah ya san yadda tsikar jiki ke tashi in an busa kakaki tambura suka amsa. A Kanada, 2011, masu bincike a jami'ar McGill suka auna wannan, suka ga ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin dofamin, wanda take saki in mutum ya samu abinci mai daɗi, kuma tana fara sakinshi tun kafin a kai wurin da ya fi daɗi a kiɗan, tun ana jira. Shi ya sa gwanin kalangu ke ja maka rai kafin ya sauke.