Tankin ruwan da ya kusa kifar mana da tirela a hanyar Dindima

Tun da yara suka fara wayo nake son in riƙa fita da su daji muna kwana. Amma da mai shekara 2, da mai 4, da mai 7, shimfiɗa tabarma a ƙasa ba za ta yiwu ba, ga kunama ga kububuwa. Irin tirelar nan mai ɗaki da Turawa ke ja da mota kuwa, sayo ta daga waje ya fi ƙarfin aljihuna. Sai na sami wani mai walda a nan cikin Bauchi ya ƙera mini ƙarama mai tayoyi biyu: gado babba, gadon yara mai hawa biyu da shinge, tagogi masu ragar sauro, sola ɗaya a rufi da batir da fanka. Duk wannan ya yi kyau, ba ni da ta cewa.

Tankin ruwa ne matsalar. Na ce ina son lita 200, don mai ƙananan yara ya san ruwan da wanke fo da wanki da alwala ke ci. Shi kuma ya ɗaure shi can ƙarshen baya, bayan tayoyi, wai famfon ya fi sauƙin kaiwa. Da na tambaye shi ko hakan ba komai, cewa ya yi, "Haba Alhaji, ƙarfen nan ko buhu goma ka ɗora masa ba zai lanƙwashe ba." Ƙarfen kam bai lanƙwashe ba. Sai dai ba ƙarfinsa ne abin dubawa ba, kuma mai sana'ar ƙera abin da za a ja a kan titi ya kamata ya san haka.

Ranar da muka nufi gonar wani abokina a yankin Alkaleri, cikin gari lafiya lau. Muna hawa titin Gombe na ɗan ƙara wuta, kafin mu kai Dindima wata tankar mai ta wuce mu, iskarta ta bugi tirelar. Sai na ji bayan motar ya ja hagu, ya dawo dama, ya sake komawa hagu da ƙarfin da ya fi na farko. A madubi ina ganin tirelar tana kaɗa gindi kamar wutsiyar kifi. Maman yara ta riƙe ƙofa tana salati, tana cewa, "Abban yara, taka burki mana!" Allah ya taimake ni ban taka da ƙarfi ba. Na ɗage ƙafa daga totur, na riƙe sitiyari a miƙe, har gudun ya ragu da kansa ta daidaita. Da muka tsaya gefen titi hannuna rawa yake, yara kuwa sun yi tsit a kujerar baya. Ban taɓa barin kowa ya zauna cikin tirela ana tafiya ba, kuma kada wani ya kuskura, komai kukan da yaro zai yi.

A nan na buɗe famfo na zubar da ruwan nan kaf a ƙasa, na dawo da kula da tukunyar gas da jakunkuna gaba, muka ƙarasa a hankali.

Lissafin ba shi da wuya, shi ya sa har yau abin ke ci mini rai. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan kilo 200 ne ke zaune a bayan tayoyi suna ɗaga wuyan tirelar, wato ƙarfen gaba da ake maƙala wa mota, sama. Masu ƙera irin wannan a Amurka suna cewa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela da kayanta shi ya kamata ya danne ƙugiyar mota, kuma kusan kashi 60 na kaya ya kasance gaban tayoyi. Tawa da kaya tana kai kilo 700, ke nan aƙalla kilo 70 ake so a wuya. Da muka dawo gida na cika tankin, na sa sikelin awon mutum da guntun katako a ƙarƙashin wuyan: kilo 15. Da hannu ɗaya nake ɗaga shi. Da na koma wurin mai waldar, ko a jikinsa, wai gudu na yi. Dole na kai wa wani ya yanke maɗaurin tankin, ya mayar da shi gaban tayoyi kaɗan, ya sake jan fayif, ya sake fenti. Kuɗin da na ware wa firij ƙarami can suka tafi, har yanzu da ƙanƙara a kula muke lallaɓawa.

Zaman gonar ya yi daɗi, ban da sanyi. Lokacin hunturu ne, da asuba ƙarfen bangon har cizo yake. Mai gadin gonar, don kirki, ya kawo mana kaskon garwashi mu shiga da shi ciki. Na yi masa godiya na bar shi a waje. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari, kuma ɗakin tirela bai kai rabin ɗakin gida ba. Bargo biyu ga kowane yaro, da hula da safa, da fulas ɗin kunu da aka dama tun dare, sun wadatar. Girki ma duk a waje muke yi. Fitilar hannu a bakin ƙofa, takalma a ciki, kuma ana kakkaɓe su kafin yaro ya zura ƙafa.

Da yake na zubar da ruwanmu, da jarkoki muka riƙa ɗebowa daga rijiyar burtsatse, na sha kuma leda muka saya. A nan na ga cewa jarka huɗu masu lita 25 sun ishe mu kwana da yini, kuma jarka kana iya matsar da ita inda nauyi ke buƙata. Tanki kuwa inda aka ɗaure shi nan yake, in kuma rabi ne ruwan sai ya yi ta tambal-tambal yana ƙara wa tirela tangaɗi. Yanzu ko dai in cika shi taf, ko in tafi da shi babu komai.

Washegari muka kwance tirelar muka bar ta a gona, muka shiga Yankari da mota ta ƙofar Mainamaji. Ruwan Wikki ɗuminsa wajen digiri 31 ne rani da damina, garau har kana ganin yashin ƙasa, babbar 'yarmu ta ƙi fitowa sai da yatsunta suka yanƙwane. Ƙaramin a hannu na riƙe shi tun shigarmu har fitarmu. Birai kuwa ba su da kunya, ɗaya ya fizge ledar biskit daga hannun mai shekara 4, don haka abinci ya zauna cikin mota a rufe.

Kafin damina akwai sauran aiki. Sarƙar tsaro ɗaya mai waldar ya sa mini tsakanin tirela da mota, ina so a mayar da ita biyu a giciye ƙarƙashin wuyan, a kuma ƙara safayar taya, don girman tayar tirelar ba ɗaya ba ne da na mota. Sikelin nan kuma ya koma zama a but, duk sanda aka gama loda kaya sai na auna kafin in tayar da mota.