Ɗan Kunnen Goggo: Tafiyata Daga Kano Zuwa Salaga

A gidanmu ba a cewa Gana, sai dai a ce Gwanja. Can aka haifi Baba, a garin Salaga, domin kakanmu falken goro ne da ya bi ayari daga Kano, ya ga wuri ya zauna, ya yi aure, har ƙasa ta rufe idonsa a can. 'Ya'ya biyu rak ya bari, Baba da yayarsa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Firaministan Gana Busia ta fitar da dokar da ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar. Baba bai taɓa taka Najeriya ba, amma sunan baƙo ya hau kansa. Goggo kuwa tana auren ɗan ƙasa, saboda haka guguwar ba ta ɗauke ta ba. Daren da zai hau mota ta cire 'yan kunnenta na zinariya, ta ƙulle masa a ƙyalle, ta ce ya sayar idan hanya ta yi tsanani. Ya sayar da guda a Ikko, wato Legas, da kuɗin ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano. Ɗayan ya ƙi rabuwa da shi.

Na tashi ina ganin ɗan kunnen nan a cikin wani ɗan gwangwani a ƙasan akwatin Baba. Kullum maganarsa ita ce da hannunsa zai mayar mata. Wasiƙu suka yi ta zuwa, suka ragu, suka ɗauke. Hidimar iyali ta danne shi, daga baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ana saura kwanaki ya cika ya sa aka kira ni, ya damƙa mini gwangwanin da hannun da ke motsi, ya ce, "Kai ne babba. Ka kai mata, ka ce ban manta ba." Na ce, "To Baba, bana in Allah ya yarda." Banar nan sai da ta kusa cin shekara ashirin.

Ba zan ce duk uzurorina ƙarya ba ne. Akwai karatun ƙanne, akwai aurar da mata uku, akwai jinyar Inna. Amma gaskiyar da na daɗe ina ɓoye wa kaina ita ce so nake in isa Gwanja a matsayin attajiri, da atamfofi da turaruka, a ce ɗan wanda aka kora ya dawo da arziki. Ina jiran shagona ya ƙara cika, sai gobara ta tashi a layinmu cikin dare. Da asuba na tsaya a gaban ƙofar ƙarfen da ta lanƙwashe, ina kallon dilolin yadi sun zama baƙin toka, rabinsu ma na bashi ne. Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Hawan jini ya kama ni, na daina zama a majalisa, sallama idan aka yi a ƙofar gida sai gabana ya faɗi.

A cikin wannan halin ne wata rana na ɗauki gwangwanin na nufi wurin masu sayen gwal. Har an ɗora ɗan kunnen a ma'auni, an faɗi kuɗi, sai na ji hannuna ya miƙa da kansa ya ɗauke shi. Da na dawo gida uwar 'ya'yana ta dube ni, ta dubi aljihuna, ta ce, "Maigida, duk abin da wuta ta ci naka ne. Wannan kuwa ba naka ba ne." Ban ce mata komai ba. Washegari na tafi kasuwar goro ta Mariri, wurin wani tsohon abokin Baba, na roƙi ya ba ni ƙwarya biyu in riƙa kasawa a tire. Mutumin da ya yi shekaru yana da yaran shago ya koma zaɓar marsa daga minu, yana yayyafa wa goro ruwa kada ya bushe. Abin ya yi mini ciwo da farko. Daga baya na gane a nan ne barcina ya dawo.

A Maririn ne kuma na haɗu da wani direba mai ɗauko goro daga Kumasi, wanda ya sha alwashin nemo mini labari. Bayan wata biyu ya kawo mini lambar waya a rubuce a bayan takardar sikari. A 2019 na ji muryar Goggo, karo na farko kuma na ƙarshe. Ta yi kuka, ta tambayi yadda ƙaninta ya cika, sannan ta ce, "Ɗana, ka zo da wuri, rana ta yi yamma." Na ce bayan Babbar Sallah. Kwanaki kaɗan da sallar Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kafin a buɗe korona ta shigo, Gana ta rufe nata har watan Maris na 2022. A tsakanin nan Goggo ta rasu.

Mutane da yawa sun ce tunda mai kayan ta tafi, in aika wa 'yarta ta hannun direba. Na ƙi. Da hunturun 2023 na ɗaure 'yar jakata, ba atamfa ba turare, sai kilishi da dakakken yaji da gwangwanin Baba a aljihun ciki.

Hanyar kakanni ta yamma take bi: a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, a bi ta Sansanin Mango da Yandi, sannan a sauka Salaga. Madugu na gaba, jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da jar fata, zuwa da dawowa watanni ne, wani lokaci shekara. Ni kuwa motar dare na hau zuwa Ikko, kashegari na ƙetare iyaka uku a yini guda, Seme, Hilakonji da Aflawo, da fasfo da katin rigakafin shawara a hannu, naira ta koma sefa, sefa ta koma sidi. Akara kwana kawai na yi.

Kumasi ce ta fara taɓa mini zuciya. Na sauka a unguwar Aboabo, da asuba bayan an fito masallaci na ji wata mai koko tana cewa da yarinyarta ta kawo ƙosai, da Hausa tsantsa. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, za ka ji an ce "matana ya zo", kuma haka Baba yake yi idan ransa ya ɓaci ko ya yi farin ciki sosai, mu kuwa muna yara mu yi ta dariya a ɓoye. Na zauna a bencin mai kokon nan, kofi a hannu, na kasa sha. A ƙasar nan ko wanda ba Musulmi ba ya san koko da wake da shinkafa da tuwon zafi da sunayensu na Hausa, kuma kusan duk gari akwai zango. Ashe mutanenmu ba goro kawai suka ɗauko ba, sun bar abin da ya fi shi daɗewa.

Daga Kumasi muka yi arewa ta Ejura da Atebubu da Farang, kurmi yana ja da baya, bishiyoyin kaɗanya suna bayyana, tulin doya a gefen titi, har muka iso Yeji a bakin tafkin Bolta. Baba ya sha ba mu labarin fiton kogi a nan lokacin yana yaro. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 kogin ya zama ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa. Muka jira jirgin fito, wanda suke kira fantun, tun hantsi har bayan azahar. Aka loda manyan motoci, aka loda babura da buhunan gawayi da kwandunan busasshen kifi, mu muka cika sauran gurbin. A tsakiyar ruwa sai ga kututturan matattun bishiyoyi sun miƙo kai, baƙi ƙirin, alamar dajin da ruwa ya haɗiye. Na dafa aljihuna ina tunanin saurayin da ya bi hanyar nan ya yi kudu da ƙyalle a ƙulle, bai san ba zai sake ganin yayarsa ba.

Muka sauka Makango, daga nan 'yar tafiya ce zuwa Salaga. Na shiga garin da magariba. Duk girman sunan da na taso ina ji, sai na tarar da gari madaidaici, mai ƙura, awaki na kwance a gefen titi. Jikan Goggo ne ya tare ni a tasha, saurayi dogo, ya rusuna ya ce, "Kawu, sannu da zuwa," ya karɓi jakata. Da muka shiga gida wata dattijuwa, 'yar Goggo, ta taso daga tabarma, ta ɗaga fitilar waya ta haska fuskata, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Goshin nan namu ne." Na ce, "Yaya, na zo a makare." Ta ce, "Zauna ka sha ruwa tukuna."

Kwana biyar na yi. Yaron ya zaga da ni garin, ya nuna mini tsofaffin rijiyoyin da suka sa ake kiran Salaga garin rijiya dubu, wasu sun cike, wasu har yau ana ɗiba. Wani dattijo a ƙofar masallaci ya ba ni labarin yadda kasuwar ta mutu: bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874 goron Asante ya karkata zuwa Kintampo, sannan yaƙin sarauta na 1892 ya watsa fatake da malamai, ciki har da Malam Umaru, haifaffen Kano, wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete Karachi a 1934. Yana faɗi ba tare da ɗaci ba, yana ɓantarar goro. Na saurare shi da kunnen wanda ya taɓa tsayawa a gaban tokar shagonsa.

Akwai kuma abin da ba a taɓa gaya mana a gida ba. An kai ni wani wuri a bayan gari da har yau sunansa Wankan Bayi, inda ake wanke mutanen da aka kamo, a shafa musu man kaɗanya kafin a kai su kasuwa. Akwai wani wurin da ake kira Rafin Angulu, inda ake yar da waɗanda suka mutu. Sunayen da harshena ne, babu mai fassara mini su. Ban san abin da kakannin kakana suka saya suka sayar a garin nan ba, amma na san ayarin da ke ɗauko goro bai tsaya ga goro kaɗai ba. Na tsaya a bakin ramukan nan na yi wa waɗanda aka wanke a ciki addu'a, kuma alfaharin da na ɗauko daga Kano game da fataucin Gwanja ya ragu, ya koma daidai gwargwadonsa.

Ranar Juma'a da safe yaron ya raka ni maƙabarta. Kabarin Goggo ba shi da wata alama sai fasasshiyar tukunya a wajen kai. Na durƙusa na yi sallama, na karanta abin da ya sawwaƙa, sannan na faɗi saƙon kamar yadda aka ba ni: "Goggo, ƙaninki ya ce bai manta ba."

Da daddare na fito da gwangwanin na miƙa wa Yaya. Ta kwance ƙyallen a hankali, ta ɗora ɗan kunnen a tafin hannunta, ƙarami ne, mai siffar ɗigon ruwa, gefensa ya ɗan lotsa. Ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa ganin mahaifiyarta da ɗan kunne ba, ko a biki, har hujin kunnenta ya toshe, kuma duk wanda ya tambaya sai ta ce nata suna Kano. Ta kira ƙaramar jikarta, mai sunan Goggo, ta zare tsinken da ke kunnen yarinyar na dama, ta saka mata shi. Yarinyar ta taɓa ɗaya kunnen ta ce, "Ina na nan?" Yaya ta dube ni, ta ce, "Kawunku zai kawo."